Randar Inna a Kan Tudu

Wanda bai taɓa ɗora tulu a ka ba shi ne ya zaɓa mana wurin da muka gina sabon gida. In na faɗi haka yayana yakan ce ina da baƙar zuciya, ni kuwa ban taɓa musa masa ba.

Tsohon gidanmu a gangare yake, kusa da fadama, a wani ƙauye da ke kan hanyar Gangara. Rijiyar gari tana bayan katangarmu, in guga ta faɗa ruwa muna ji daga tsakar gida. Hanyar kasuwa kuwa ta ƙofarmu ta bi. A ƙofar nan, ƙarƙashin wani tsohon bedi, wato itacen dogon yaro, Inna mahaifiyarmu take da randa. Tun kafin a haife ni take cika ta kowace safiya, ta rufe da faifai, ta kifa moɗa a kai. Ruwan sadaka ne, na duk wanda ƙishirwa ta biyo da shi. Masu amalanke su sha, Fulani masu tallar nono su sha, matan da suka fito rijiya ma, da ruwa a kansu, sai sun tsaya sun ce na randar Inna ya fi sanyi. Kowa ya sha sai ya ce, "Allah shi ba mai randa lada." Inna tana kan tabarmarta daga cikin zaure tana saƙar kaba, ta amsa da amin, sannan ta tambayi mutum daga ina, ina za shi, yaya mai jikin nan ta gidansu.

Lokacin da mijina ya rasu na dawo gida, idon Inna ya riga ya dushe, gwiwoyinta kuma sun ƙi. Ba ta zuwa ko'ina, amma babu haihuwa ko rashi ko rigimar iyakar gona da za a yi ba ta ji ba kafin azahar. Garin ne yake zuwa wajenta.

Sai shekarar da gulbi ya cika ya batse. Ruwa ya shigo mana ta baya, katangar garken awaki ta zube, rumbu ɗaya ya jiƙe. Ɗakin Inna ko tsagewa bai yi ba. Amma ƙanenmu ya ɗauki hoto da waya ya aika wa Yaya, wanda yake Maraɗi yana sayar da kayan moto. Daga baya na ji cewa abokansa na kasuwa sun ga hoton, wani ya ce masa, mutum kamarka a ce uwarka tana kwana cikin ruwa. Maganar nan ce ta gina gidan, ba ambaliya ba.

Yaya ya zo, ya tara kawunmu da dattawan dangi a zaure. Ƙasarmu ba ta da duwatsu. Abin da muke da shi wani tudun yashi ne gabas da gari, inda Baba ya bar mana gona wadda gero ma da ƙyar yake kai gwiwa. Shi ne dutsenmu, in ka hau kana hango rufin gari gaba ɗaya da layin goriba har inda ido ya tsaya. Can Yaya ya ce za a yi gidan. Na shigo musu da fura na tarar an gama magana, ana ta sa albarka.

Na durƙusa na ajiye ƙwarya na ce, "Yaya, ruwa hwa?"

Ya ce, "Ai ruwan muke gudu."

Zaure ya ɗauki dariya. Kawu ya ce, "Ke dai kawo ludayi. Rijiya ai ginawa ake."

Da Yaya ya shiga gaya wa Inna, ba ta tambayi girman ɗaki ba, ba ta tambayi kwano ko siminti ba. Cewa ta yi, "Wa ke bi ta can?"

Ya ce, "Ba kowa, Inna. Shi ya sa za ki huta."

Ta ci gaba da laluben kabarta. A wajenmu in ɗa ya ce zai gina wa uwarsa gida, ba ta cewa a'a a gaban dangi, don kada a ce ta hana shi albarka. Ta ce Allah ya yi masa albarka, shi ke nan.

Bayan an gama kaka aka fara. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi daɗin kallo. An kira gayya, samari suka fito, mu mata muka kafa tukwane a gindin tudu muna tuƙa tuwo. Tudun ba shi da ƙasar gini, yashi ne zalla, saboda haka daga fadama ake haƙo laka, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a buga tubali a shanya. Sannan a loda a amalanke a hau da shi. Ruwan gini ma haka, a cikin manyan tano, wato gangunan ƙarfe. Jakuna su kai tsakiyar hawa ƙafafun amalanke su nutse, maza su taru suna turawa suna waƙa, jaki yana durƙushewa ana ɗaga shi. Kowa ya gani da idonsa. Magini ya gani, Kawu ya gani, Yaya ya tsaya da farar shaddarsa ya gani. Babu wanda ya ce, in jaki da maza suna shan wannan wahala, wa zai hau da ruwan tuwo in an gama? Ba mugunta ba ce. Namiji a garinmu a buta yake tarar da ruwa, bai san ta inda ya biyo ba.

An yi katanga doguwa, an shafe gabanta da siminti, an sa ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti wadda ake hangowa daga hanyar moto. Ɗakin Inna aka yi wa rufin kwano da taga biyu. Masu ginin rijiya suka zo, suka yi ta haƙa, yashi yana rufto musu, har suka ce ransu ya fi musu, suka tattara igiyoyinsu suka tafi. Ramin yana nan har yau, mun rufe shi da ƙaya saboda awaki. Yaya ya ce kada mu damu, in kasuwa ta buɗe zai kawo masu haƙa da inji.

Da aka zo rufin zaure azara ta kasa. Magini ya ce tsohuwar azara ta fi sabuwa, gara ta gwada ta ta bari, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar da muka tashi, ba mu kai ga gindin tudu ba na waiwaya na ga samari a kan tsohon ɗakin Inna suna yaye rufi don su kwashi azara. Da damina ta zagayo, ruwan sama ya gama abin da ambaliya ta kasa. Ɗakin da aka haife mu duka a ciki ya zama tsibin laka.

A amalanke aka hau da Inna, randarta tana tsakanin ƙafafunta, ta rungume ta da hannu biyu kada ta fashe. Muna isa, tun ba ta shiga ta taɓa bangon ɗakinta ba, ta ce a kafa randa a ƙofar gida. Babu itace ko ɗaya a wurin. Na kafa ƴar rumfa da zana, na dasa ɗan bedi a gefe.

Amalanken ruwa kuwa, ranar da magini ya wanke cokalinsa na gini ranar ta daina hawowa. Ƙanenmu ya koma wajen Yaya a Maraɗi. Aka bar ni da Inna, da awaki, da jarka. Nakan sauka da sassafe kafin yashi ya yi zafi, in wuce kangon gidanmu, in ɗebo a rijiyar da a da nake jin gugarta daga shimfiɗata. Hawa ne mai cin rai, ka taka gaba yashi ya mayar da kai baya. Jarkar farko ta randa ce, haka Inna ta ce, kafin ta tuwo, kafin ta alwala.

Kwanakin farko an zo barka da shiga sabon gida. An shafa siminti, an leƙa taga, an yi wa Yaya addu'a. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba. Zumunci a ƙafa yake, ƙawayen Inna kuwa ƙafafunsu sun tsufa kamar nata. Mai zuwa kasuwa ba zai bar hanya ya hau tudu don moɗa guda ba. Aka yi suna a gidan maƙwabtanmu na da, sai da ya wuce Inna ta ji. Aminiyarta da suke saƙar kaba tare ta rasu, a bakin rijiya na ji bayan an kai ta, ni na hau da labarin tare da ruwa. Na nemo amalanke na kai ta gaisuwa, muna shiga wata ta ce, "A'a, yau mutanen sama sun tuna da mu." Da wasa ta faɗa. Inna ta yi dariya tare da su.

Kowace yamma takan dafa bango ta fita ƙofa, ta ɗaga faifai, ta zura hannu. Ruwa yana nan inda na bar shi da safe. Ta mayar da faifai ta dawo. Abin ya ishe ni, na fara kwasar moɗa biyu uku ina zuba wa ɗan bedi kafin ta fito. Ta ƙyale ni na ɗan lokaci, sannan wata rana ta ce, "Ɗiyata, bar ɓarnar ruwan da kika hau da shi da wuyanki. Mai shan ruwa da baki shike zuwa. Ni ban ji kowa ba."

Wata rana da hantsi muka ji moɗa ta faɗi a waje. Inna ta miƙe zaune, ta gyara kallabinta, ta ɗaga murya yadda na daɗe ban ji ba, ta ce, "Maraba, sha abinka, sadaka ce. Daga ina?" Na leƙa. Akuyarmu ce ta tsinke tana soshe-soshe da gindin randa. Na daki akuyar nan dukan da ba nata ba ne, na san ko na wane ne.

Da Yaya ya zo sallah, Inna ta bari ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Ina da roƙo. Ka maishe ni ƙasa. Ko bukka ce ka kahwa mini inda ɗakina yake."

Ya ce, "Haba Inna. Mi mutane za su ce? In gina miki gida irin wanga, ki koma kango? Sai a ce kora ki na yi."

Na ce, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo."

Ya ce, "Ke ce ke zuga ta, don ƙyuyar ɗibar ruwa."

Na gaya masa maganganu a ranar, wasu sun dace, wasu ba su dace da ƙanwa ba, kuma ban janye ko ɗaya ba. Inna ce ta tsawata mini. Ba ta sake roƙonsa ba. Da ya koma ya aiko mata da rediyo, wai ta riƙa jin mutane. Ta sa na ajiye a kan taga. Rediyo ba ka tambayarsa yaya mai jiki.

Damina uku ta yi a tudun. Ruwa bai taɓa shigar mana ba, wannan kam Yaya ya cika alkawari. Ta daina saƙa, don babu wanda za ta yi da shi. Ta daina tambayata wa na gani a rijiya. Abu ɗaya ne ba ta daina ba, kullum sai ta ce, "Kin cika randa?"

Cikin bazara ta rasu, da safe, ina dawowa da jarkar farko. Na juye ruwan a randa kamar kullum, na shiga in ce mata na cika, na tarar babu mai amsawa.

Ranar gari gaba ɗaya ya hau tudu. Tsofaffin da aka ce ba su iya hawa, an hau da su a amalanke da moto. Mutanen Gangara sun zo, Fulanin da suka daɗe suna shan ruwanta sun zo. Rana tana dukan ƙeya, yashi yana ƙona ƙafa, kowa ya iso da busasshen maƙogwaro, abin da ya fara gani kuwa randa ce a ƙarƙashin rumfa. Ina zaune cikin mata a ɗakinta, ta taga nake jin faifai yana ɗaguwa, moɗa tana nutsewa, ɗaya bayan ɗaya. "Allah shi ba mai randa lada." "Allah shi ba mai randa lada." Abin da ta yi shekaru tana kasa kunne ta ji, ga shi yana shigowa ta tagar da aka yi mata, ita kuwa an riga an fita da ita. Daga zaure kuma, ƙarƙashin azarar tsohon ɗakinta, ina jin maza suna ce wa Yaya, kai dai ka yi abin da ake so ɗa ya yi, ka hutar da tsohuwa, dubi gida.

Can na ji moɗa tana kankarar gindin randa. Ba a jima ba Yaya ya zo bakin ƙofa, idonsa ja, ya kira ni a hankali. Ya ce ruwan randa ya ƙare, ga mutane suna ta hawowa da ƙishirwa, abin kunya ne.

Na tashi na ɗauko jarka da gammona, na ajiye a gabansa, gaban mata duka.

Na ce, "Rijiya tana nan inda ka baro ta, Yaya. Bayan ɗakin Inna."