Kwas ɗin da Baffa ya sanar a majalisa

Lokacin da nake gama sakandare a Gaya, ni duk ƙauyenmu Toranke ke nema idan waya ta yi gardama. Wanda ya manta lambar buɗe wayarsa, wanda aka yi wa kutse a shafinsa ana roƙo da sunansa, duk ƙofar gidanmu suke sallama. Ba wani sirri a ciki, latse-latse ne kawai da naci. A aji kuwa ni da lissafi ba ma ga maciji, kimiyya ma haka. Sai da na maimaita jarrabawar fita kafin na haye su da ƙyar da jiɓin goshi.

Baffa, yayan mahaifina, shi ke riƙe da gandun gidanmu, shi ke yanke wanda zai tafi karatu da wanda zai tsaya gona. A shekarar mutum ɗaya gidan zai iya turawa karatu. Wani ɗan boko ya gaya masa a kasuwar Gaya cewa an buɗe kwas ɗin tsaron intanet a jami'a, inda ake koyon kama 'yan damfara. Baffa bai tambaye ni ba, bai tambayi ko ɗaya daga malamaina ba. Bayan la'asar ya zauna a majalisa ya sanar wa dattawa cewa ɗansa zai je ya karanto maganin ɓarayin waya. Aka yi fatiha aka shafa. A bakin mai shayi na ji labarin, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Makon farko a jami'a na gane wayar da nake taƙama da ita ba ta cikin lissafin kowa. Allo cike da lambobi da haruffa, ana koyon yadda ake kulle saƙo da lissafi, da rubuta umarnin kwamfuta wanda ɗigo ɗaya ke rusa shi. Na yi naci har idona ya fara ciwo, amma kamar mai zuba ruwa a kwando. Ƙarshen shekara malamin da ke kula da ajinmu ya kira ni ofis. Ya ce ba daƙiƙi ba ne ni, tushe ne babu, kuma har yanzu ƙofa a buɗe take in koma wani sashen da ba ya cin lissafi haka, in fita da digirina. Ya ce in na ƙara shekara a nan, ƙofar za ta rufe.

Na zo gida na durƙusa gaban Baffa na faɗa masa. Ya ce shi bai taɓa faɗin magana a majalisa ya dawo ya lashe ta ba, kuma ba a kaina zai fara ba. Ya ce raki ne irin na yaran zamani, in ƙara addu'a. Mahaifina na gefe yana ɓare gyaɗa, bai ɗago kai ba, don ƙani ba ya musa wa yayansa a gidanmu. Wannan shirun ya fi maganar Baffa yi mini ciwo, har yau bai bar raina ba. Na koma, na ci gaba da tara darussan da na faɗi, har a shekara ta uku aka manna sunana cikin waɗanda aka sallama.

Yanzu ina gona tare da ƙannena. Baffa bai yarda an faɗi gaskiya ba. Duk wanda ya tambayi yaushe zan tafi bautar ƙasa, kafin in buɗe baki ya amsa cewa yajin aikin malaman jami'a ne ya riƙe takardar digirina, sai baɗi. Ni kuma in gyaɗa kai.

Abin da na koya shi ne iya latsa waya daban, karatun tsaronta daban. Mai rauni a lissafi zai iya shiga, amma sai ya fara gyara tushensa, ya ga darussan da idonsa, ya tambayi wanda ke ciki. Iyaye kuma, don Allah ku tambayi yaro da malaminsa kafin ku kai maganar majalisa. Baffa ya tsira da maganarsa, ni kuwa ku faɗa mini da me na tsira.