Tuwon da Ya Samo wa Ƙanina Ɗaki

Shekarun baya, ranar da ƙanina ya samu gurbin karatu a kwaleji nan Zariya, guɗa na rangaɗa ni kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse. Shi ne na farko a gidanmu da ya wuce sakandare. Ni ko firamare ban ƙarasa ba, daga baya aure ya kawo ni Kusfa daga ƙauyenmu na bayan Kufena.

Murna ba ta gama kwanciya ba sai maganar wurin kwana ta taso. Ɗakunan makaranta sun cika. Gidan mijina kuwa babban gida ne na gado, cike da matan 'yan'uwansa, baligi ba ya shiga. Zauren ma masu ɗinkin babbar riga ke zama tun safe, sai sun naɗe tabarminsu sannan ya shimfiɗa tasa, littattafansa a buhu. Babanmu ya kira waya ya ce, "In babu wurin zama ya dawo. Ga masara can tana jiran mai karya ta. Ni ban tura shi birni ya zama ɗan zaure ba." Shi kuwa Baba in ya faɗi magana, to ya faɗa.

Yaron nan ya bi dillalai har takalminsa ya tsinke. Wannan ɗakin yana yoyo, wancan ya fi ƙarfinmu. Wani mai gida ma tun daga ƙofa ya ce, "Kana da iyali? A'a? Mu ba ma ba gwauro."

Ni dai kun san ni, fita ba ta dame ni ba, amma kunnena ba ya hutu. Ina zaune ana yi mini kitso, sai mai kitson ta ce Hajiyar gidan bayan masallaci za ta aurar da autanta, har ya gina gida a wajen ganuwa. Sauran mata suka hau zancen lefe. Ni kuwa zuciyata ta ce, shagonsa! Ai a cikin birni ɗakin samari na bakin zaure ba ya zama fanko sai mai shi ya yi aure. Na zabura har sai da kitson ya warware.

Ba a gayyace ni bikin ba, amma na maƙale wa maƙwabciyata muka tafi. Mata suna kallon atamfofin juna, ni ina leƙen tagar shago. Siminti lafiya lau, ga silin, ga fanka. Wallahi na fi uwar ango farin ciki a wunin nan.

Da biki ya watse na koma ban gajiya. Bayan gaisuwa sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Hajiya, shagon nan ko za a ba mu haya?"

Fuskarta ta canza. "Haya? 'Yar nan, tun kakan mijina ba a taɓa karɓar haya a gidan nan ba. An ce miki mun rasa abin ci ne?"

Na yi ta ba da haƙuri, na zayyana mata halin da muke ciki. Can ta ce, "Jiya ma sai da na zuba tuwo a langa na nufi shagon, a zaure na tuna autana ya tashi." Sai ta dube ni. "Ƙanin naki yana da ci?"

Na ɗauka tsoron mai haɗama take yi. Na ce, "Haba Hajiya, ai kamar tsuntsu yake."

Ta taɓe baki ta ce in kawo shi gobe bayan la'asar ta gan shi.

Washegari na dafa shinkafa da wake da manja, na tsare shi a zaure. "Cinye tas. Ba za ka je gidan mutane da yunwa ka ba mu kunya ba. Ko an ba ka abinci, ka ce ka ƙoshi." Ya ci, na ƙara masa, na kuma bi shi da fura.

Muna isa, Hajiya da kanta ta fito zaure ɗauke da langa. Ta buɗe, tuwon shinkafa ne miyar taushe, ya yi tozo. Ƙanina ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi Hajiya, a ƙoshe nake."

Ta mayar da murfin a hankali. "To. Autana dai langar nan har siɗe ta yake yi. Ni ba zan iya dafawa kullum ana dawo mini da abinci ba. Allah ya haɗa ku da wani ɗakin."

Jama'a, sai a lokacin na gane tambayar jiya. Na fizgo langar na dire a gabansa, na mintsine shi. "Ci!"

Ya raɗa mini, "Yaya, cikina zai fashe."

Na ce, "Ya fashe a ɗakinka!"

Ya yi bismilla. Loma yake yi gumi yana tsiyaya, ya sassauta tazuge, ya gyara zama, ya ci gaba. Ni ina gefe ina haɗiya tare da shi kamar hakan zai taimaka. Da ya kai loma ta ƙarshe ya siɗe langar da yatsa, ya jingina da bango idanunsa sun yi ja.

Hajiya ta fashe da dariya har da hawaye. "Ke kika ɗura masa abinci kafin ku zo, ko? Ga manja nan a gaban rigarsa! Tun shigowarku na gani." Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta miƙa masa. "Yaron da zai ci a ƙoshe don kada ran tsohuwa ya ɓaci, ya zauna. Amma kada in sake jin kalmar haya."

Da ƙyar ya miƙe ya karɓa. Tun a hanya na kira Baba ina ihu, har mai napep ya waiwayo ko lafiya.

A shagon nan ya zauna har ya gama karatu. Hutun farko da ya je gida, mahaifiyarmu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, karatu aka tura ka ko kiwo?"

Yanzu malamin makaranta ne, da iyalinsa, amma duk Juma'a sai ya je gaida Hajiya, kuma ba ya karyawa ranar. Ni kuwa har yau in na tuna sai in yi dariya, in kuma ji kunya. Na je neman wanda ɗaki ya yi masa yawa, ashe ita ma nema take yi, wanda za ta dafa wa. Saura kaɗan kunyar da na koya masa ta mayar da shi gona. Shi ya sa duk wanda ya zo gidana ya ce ya ƙoshi, sai in ce masa na ji, amma ya wanke hannu.