Digiri a Gajeren Wando

Babana leburan reluwe ne a Kafanchan, cikin masu ɗaga ƙarfe da cusa tsakuwa ƙarƙashin layin dogo. Kayan aikinsa gajeren wando ne na kaki. Masu dogon wando suna can ofis, fanka na hura su. A wurinsa mutanen duniya kashi biyu ne tak: masu cin abinci da ƙwaƙwalwa, da masu ci da gwiwa.

Da na samu shiga jami'a, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, sai ya sayar da gonar cittar da ya gada a ƙauyenmu wajen Kwoi, wadda ya yi niyyar komawa in ya bar aiki. Bai tambaye ni abin da zan karanta ba, ni kuwa ban gaya masa ba. Ilimin motsa jiki na zaɓa, don tun ina firamare ba a kamo ni a tsere, kuma ina son abin har cikin raina. Mun karanta ƙashi da jijiya da yadda zuciya ke harba jini, amma wa zai tsaya ya ji wannan? Abokaina digirin ƙwallo suke ce masa.

Bayan bautar ƙasa aka turo ni wata sakandare a Kafanchan. Albashina daidai yake da na malamin lissafi, sai dai shi yana koyar da 'ya'yan masu hali da yamma, ana kawo masa doya da kaji har gida. Wani da muka gama tare, mai digirin tarihi, ya shige ma'aikata a Kaduna, Kirsimeti ta biyu ya zo da mota. Ni kam ba uban da ya taɓa biyana in koya wa ɗansa tsalle. Duk da haka abin da nake samu ya riƙe gidanmu. Baba ya bar aiki, yana zama gindin mangwaro da rediyonsa, kumatunsa har sun fara cikowa. Abin da nake nema a duniya ke nan, tsohon nan ya huta.

Kullum da safe nakan fita da dogon wando da taye, kamar mai zuwa kotu. Gajeren wandon da usur suna cikin jaka, sai na isa ɗakin ajiyar kayan wasa nake canjawa. Na kusa shekara ina wannan wasan ɓuya.

Ranar gasar wasannin makaranta asirina ya tonu. Na ɓoye takardar gayyata, ashe fasto ya sanar a taron addu'a. Baba ya zo tun ba a jera kujeru ba, cikin rigarsa ta zuwa coci, har da rakiyar tsofaffin abokan aikinsa biyu, za su ga ɗansa mai digiri. Suka same ni tsakiyar fili a duƙe, da bokitin farar ƙasa, ina ja wa masu tsere layi. Gajeren wando, gumi sharkaf, hannuwa fari fat. Mai sharar da ya saba yi ne ba shi da lafiya ran nan.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya kalli komai har aka tashi, ya ma tafa wa yaran. Ƙarshen wata na kai masa kuɗin cefane yadda na saba, sai ya maido mini da hannuna.

"Riƙe abinka," in ji shi. "Ashe aikin ƙarfi suka ba ka. Ni na san shi. Ran da ƙafa ta ƙi, za su ce ka tafi gida. Ka ajiye ma wannan rana."

"Baba, albashina ɗaya da na malamin lissafi. Akwai fansho kuma."

"Malamin lissafi in ya tsufa, yana koyarwa a kujera. Kai fa?"

Na kawo masa takardar ɗaukata aiki, ya shafa ta, ya ce takarda mai kyau ce. Na jawo malamin lissafin da kansa ya ba da shaida, Baba ya gode masa, bayan ya tafi ya ce abokin kirki ne, yana rufa mini asiri. Na koma bai wa Mama kuɗin a ɓoye. In ya ga nama a miya sai ya tambayi daga ina, ya ture kwanon.

Gona babu, don haka ya nemi aiki a sito na dillalan citta kusa da kasuwa. Da farko ɗinkin bakin buhu, daga baya dako. Nakan taso daga makaranta a kan keke in hango shi ƙarƙashin buhu, ƙafafun na rawa, sai in karya kwana in bi wani layi hawaye na zuba. Da fushi yake yi da ni, da na san yadda zan ba shi haƙuri. Tausayina yake ji, wannan kuwa ban san maganinsa ba har yau.

A rani na biyu ya faɗi a bakin sito. Kwanansa huɗu a asibiti. A kwana na ukun da rana fasto ya zo yi masa addu'a, ina tsaye wajen ƙafafunsa. Da aka ce amin sai Baba ya riƙo hannun faston, ya rage murya wai don kada in ji.

"Fasto, in ka ji labarin aikin zama, ka tuna da yarona. Yana da takarda. Aiki ne bai samu ba tukuna."