Ƙasa-da-Ɗaya

Shekara talatin ya yi a ɗakin gwaji yana niƙa dutse a ɗan turmi, amma ko sau ɗaya bai taɓa rubuta "babu" a takardar sakamako ba. Aikinsa shi ne ya mai da dutse gari, ya shafa shi a ɗan faranti, ya tura cikin na'ura mai hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi. Na'urar sai ta zana layi mai tudu da kwari, kowane ma'adini da irin tudunsa. Wanda ya yi yawa tudunsa dogo ne. Wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba sai ya nutse cikin ƙananan karce-karcen ƙasan takarda, ko ka sa tabarau biyu ba za ka rantse a kansa ba.

Saboda haka idan masu kamfanin tayil suka tambaye shi ko akwai mugun ma'adini a yumɓunsu, sai ya rubuta cewa bai gani ba, in ma akwai to yana ƙasa da ɗaya. Manajan kamfanin ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Daga nan aka laƙaba masa Ƙasa-da-Ɗaya, sunan ya bi shi har gida.

A gidan ne abin ya fi ci wa mutane rai. Matarsa ta tambaye shi ko akwai tsakuwa a shinkafa, ya ce a cokali huɗun da ya ci dai bai gamu da ita ba. Da aka tura shi binciken halin mai neman 'yarsu, ya dawo ya ce bai ga aibu ba, sai dai zaman awa ɗaya suka yi, da an ba shi awa goma da ya fi gani. Matar ta rantse ba za ta bar duniya ba sai ta ji "babu" daga bakinsa.

Sai ga shi an yi mata aiki, an cire mata wani ƙari. Bayan wata shida ta dawo daga asibiti da takardar gwajin jini, ta same shi a falo, ta miƙa masa. 

"Baban yara, duba mini. Akwai saura?"

Ya karanta sau biyu. An rubuta ba a gano komai ba, kuma duk garin ba wanda ya fi shi sanin iyakar wannan magana. Tsoro ya kama shi, tausayinta ya fi tsoron. Ya cire tabarau ya goge.

"Babu," ya ce.

Ta zuba masa ido. Maimakon murna sai fuskarta ta canza, ta zauna a hannun kujera.

"Yau ka kashe ni. Abin ya yi muni ke nan, tunda har ka yi mini ƙarya. Don Allah faɗi irin taka."

Ya mayar da tabarau, ya sake bin takardar da yatsa, layi bayan layi.

"Ban gani ba. In ma akwai, bai kai a gan shi ba. A sake gwadawa bayan wata shida."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da gefen mayafi, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Ta tashi ta shiga kicin ɗora shinkafa, ya bi ta da tire don ya tsince mata.