Kwalin da Gara Ta Ci

Jiya ina share ofishin makarantarmu a Sundimina, na tsinci kwalin marigayi hedimastanmu a bayan kabad, gara ta ci gefensa. Da jan biro ya ja masa layuka, kowane aji da abin da zai koya mako-mako.

Shekarar da na fara koyarwa na kai masa kuka cewa 'yan aji biyar ba su iya lissafin rabawa ba, ga jarrabawa ta matso. Ya shimfiɗa kwalin a gindin darbejiya, ya danne da takalmansa, ya kira malamin aji huɗu. Yatsansa fari fat da alli ya bi layi har ya tsaya.

"Malam, rabawa ta faɗo makon yankan gero, yara duk suna gona. Benci ka koya wa?"

Muka yi dariya. Ya mayar da darasin bayan kaka, sannan ya dube ni. "Kafin ki zargi yaro, 'yata, duba abin da aka ba shi bara."

Har yau sai na duba. Allah ya yi maka hisabi mai sauƙi, Baba, kai da ba ka taɓa kama yaro da laifin abin da ba a koya masa ba.