Shekarar da Aka Ci Kofi Aka Faɗi Jarrabawa

Malam Maharazu ɗan garin Dayi ne, mahaifinsa manomin auduga. Bayan ya gama karatun koyarwa a Zariya aka turo shi wata sakandare a wajen Malumfashi. Shi ne shugaban sashen Fiziks, kuma tun da abokin aikinsa ya koma Funtua, shi kaɗai ne malamin sashen.

Bara wata ɗalibarsa, Najiba, ta ba shi labarin yadda tattasan babanta ke ruɓewa kafin ya bushe. Sai suka haɗa akwatin katako, suka shafe cikinsa da baƙin fenti, suka rufe shi da gilashin tsohuwar taga. Tattasai ya bushe sarai, ba ƙasa ba kashin kaji. Aka kai akwatin gasar kimiyya a Katsina, makarantar ta zo ta ɗaya, aka ba ta kofi.

Da sakamakon jarrabawar fita ya fito, Najiba ta faɗi Fiziks. Mairo kuwa, wata 'yar ajinsu wadda ko wayar lantarki tsoron taɓawa take, ita ta fi kowa maki. Waɗanda suka ci ma ba su kai na shekarar baya ba.

Shugabar makaranta, Hajiya Hansai, ta kira shi ofis.

"Malam, ranar rabon kyaututtuka kai za ka faɗa wa iyaye ci gaban sashenku."

"Hajiya, mun ci gaba ne ko mun ci baya?"

"Ga kofi can a kan kabad."

"Ai wadda ta ciyo shi ita ce ta faɗi."

Hajiya ta ce, "To, ka san yadda za ka yi."

Bai sani ba. Ya yi ta juya abin a ransa a kan babur, tsakanin gonakin masara. Najiba takan yi bayanin yadda baƙin launi ke kama zafi har aji ya yi tsit, amma da an ajiye mata takardar tambaya sai ta daskare. Fiziks ya koya mata ko aikin kafinta? Ita Mairo fa, me ta sani, me ta haddace?

Ranar taro ya tashi ya faɗi duka biyun. Da ya ambaci kofi, aka tafa. Da ya ce sakamako ya yi ƙasa, aka sake tafawa, don lasifikar tana yankewa, ba a ji shi sosai ba. Ya zauna yana kallon jama'a.

Bayan an tashi, baban Najiba ya riƙe hannunsa yana ta godiya.

"Alhaji, kun dai ji ba ta ci ba?"

"Na ji, Malam. Za ta sake zama, in Allah ya yarda. Mutanen Gozaki ne suka aiko ni, wai akwatin nan zai busar da kuɓewa?"

Malam Maharazu ya sosa ƙeya, ya ce shi ma bai sani ba, amma su kawo ranar Asabar a gwada.