Ranar da Kwamfuta Ta Yanke wa Baba Ƙafa

Shekara tara ina zaune a tagar kati a wani ƙaramin asibiti a Wulari, har ranar da mai asibitin ya ce tsohuwar kwamfutarmu ta gaji, a kwashe bayanan marasa lafiya a zuba a sabuwa. Aka kawo injiniya daga Kano, mutum mai turare kamar ya faɗa cikin kwalba. Kwana biyu ya gama. Ya ce har shara ya yi mana: duk inda ya ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya sau biyu, ya haɗe su wuri guda. Aka ce ni in duba ko komai ya iso lafiya.

To na duba, irin dubawar mai jin yunwa. Na buɗe sunana, na buɗe na ƙanwata, na ga muna nan da ranmu, na sa hannu.

Abin da ban faɗa masa ba, don ban ma tuna ba, shi ne duk tsohon da na tambaya ranar haihuwarsa ya ce mini "lokacin damina ne", ɗaya ga Janairu nake ba shi. Shekarar kuma in kalli furfura in yanke. Rabin tsofaffin unguwar Lamisula rana ɗaya na haife su, kuma sunayen namu guda nawa ne?

Da safiyar Litinin sai ga wani dattijo mai sayar da huluna a Kasuwar Litinin, wanda na daɗe da sani, da ƙurji ya kumbura masa hannu. Na buga sunansa. Kwamfuta ta ce an yanke masa ƙafar hagu bara. Na leƙa ta taga na ƙirga, biyu cif.

"Baba, yaushe ƙafar ta sake tsirowa?"

Ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barebari, in gaya wa kwamfutar ta nemi gilashi. Muka yi dariya, na tura shi wajen likita, na kira na gaba.

Sai da na sallami mutum huɗu sannan na farga. Idan ƙafar wani ce a shafinsa, to nasa bayanin yana ina? Na juya na birkice akwatin tsofaffin katuna. Ga katinsa, ga jan biro da hannuna: penisilin ta taɓa shaƙe shi har ya suma, kada a sake. A sabuwar kwamfuta babu ko alama.

Wallahi ban san na iya gudu ba. Na bar takalmi ɗaya a baranda, na banka ƙofar ɗakin allura. Nas ta riga ta zuƙi ruwan penisilin, Baba ya kwance mazagin wando yana kallon bango. Na cafke hannunta na ɗora mata katin a fuska. Ta karanta, ta ce "Yesu!", ta zauna a kan gadon.

Tsoro ya juye mini ya koma masifa, na sauke a kansa.

"Haba Baba! Kai ba ka da baki ne? Ba ka san wannan allurar za ta kashe ka ba?"

Ya ɗaure wandonsa a hankali, ya dube ni yana mamakin faɗan.

"Na sani mana, 'yata. Ai ke na faɗa wa tun tuni, na ga kin rubuta."